Hunturu a hamadar Arizona da yara cikin motar-gida

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ke da maigidanki kuna shawarar sakin gidan haya ku koma zama a motar-gida, wato RV, da yaranku uku, kuma sanyin hamada ne ke ba ki tsoro idan kuka yi hunturu a jihar Arizona ta Amurka. Mu hunturu biyu muka yi a Quartzsite, wani ɗan gari a hamadar, da namu yaran, kuma abin da ya fi ba mu wahala shi ne ruwa.

Tankinmu galan 40 yake ci. Ranar da muka fara sauka na ɗauka zai kai mu mako guda, ashe ban sa alwala a lissafi ba. Mutum biyar, salla biyar, ga tsarki, ga wanke-wanke, ga yaro ya buɗe famfo yana goge baki ya bar shi yana zuba. Kwana uku cif ya ƙare. Daga nan na hana alwala a famfo, kowa ya koma buta, kuma buta ɗaya sai ta ishi mutum biyu. Kwanuka kuwa sai na share maiƙonsu da takarda kafin su ga ruwa. Da haka muka kai kwana shida. Kada ki manta ruwan da ya shiga sai ya fita: akwai tankin ruwan wanka da na bayan gida, in sun cika dole a tattara komai, a ɗaure tukwane, a ja motar zuwa wurin juyewa.

Saboda haka nake ba ku shawara ku fara da La Posa. Filin gwamnatin tarayya ne a gefen Quartzsite, hukumar kula da filayen gwamnati, wato BLM, ke kula da shi, ana zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. A shekarun da muka zauna dala 180 ne kuɗin duk lokacin, ko dala 40 na kwana 14, amma ki duba farashin yanzu kafin ku tashi. A La Posa ta kudu akwai famfo, da wurin juye tanki, da na zubar da shara. Ku je da sassafe, don a Janairu, lokacin babbar kasuwar masu motoci, garin da mazaunansa ba su kai dubu uku ba yakan cika maƙil, layin ruwa sai ya cinye miki hantsi. Akwai filayen kyauta irin su Plomosa da Dome Rock, sai dai kwana 14 kawai ake yi a tashi, kuma babu ko ɗigon ruwa. Da ƙananan yara ban ga ribarsu ba a shekarar farko.

Sanyin kuma yana nan, ba zan ɓoye miki ba. Da rana yara na wasa da riga ɗaya, amma rana na faɗuwa sai ya sauko kamar asubar tsakiyar hunturu a gida, wani daren har ruwa ya daskare. Na'urar ɗumama ɗaki da gas take aiki, amma fankarta batir take sha. Wani dare wajen ƙarfe uku ta tsaya cak, na farka na ji hancin autana kamar ƙanƙara, muka kwashe su duka zuwa gadonmu muka lulluɓe da bargo har gari ya waye. Laifinmu ne, faifan sola a Disamba ba ya tara wuta sosai idan yana kwance, sai an jingina shi ya fuskanci kudu. Don Allah, komai tsananin sanyi kada ku kunna murhun girki don ɗumama motar. Kin san abin da gawayi ke yi a rufaffen ɗaki, to haka yake. Ku tabbata na'urar gano wannan iskar mai guba tana aiki.

Kada ku kafa zango a cikin busasshen kwari ko da ya fi inuwa, ruwan sama na iya zuba a kan duwatsu can nesa ya iso ku ba zato. Akwai kuma wata ƙaya da ake kira cholla, da an taɓa ta sai ta manne. Ki sa matsefi a aljihu, da shi ake ɓanɓare ta, kada a sa hannu.

Alƙibla a can arewa maso gabas take, ta ma fi karkata arewa. Naman halal sai mun je Phoenix, babban birnin jihar, tafiyar awa biyu, mukan haɗa da Juma'a mu cika firji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kaɗaici, yara ba Islamiyya sai karatu ta waya.

Tun kafin ku saki gidan, ku ɗauki hayar mota ku yi wata guda a Disamba, ki riƙa rubuta kwana nawa tanki ke yi muku. Idan kun je, ki kai yaran maƙabartar garin su ga kabarin Hajji Ali, wanda Amurkawa ke kira Hi Jolly, mai kula da raƙuman da sojojin Amurka suka kawo a 1856. A Quartzsite ya rasu a 1902, an gina masa ɗan gini mai tsini irin dalar Masar da siffar raƙumi a samansa. Babban ɗana ya daɗe a tsaye a wurin yana tambayata wa ya yi masa salla.