Amsa kan haikalin Minakshi da ke birnin Madurai

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake kiran haikalin Madurai da sunan mace, alhali Shiba, ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu, ake bauta wa a cikinsa. A imanin mabiya Hindu na jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, allahiya Minakshi ce mai gida. Labarinsu ya ce ta fito daga wutar hadayar wani sarkin daular Pandiya da ya rasa haihuwa, ta gaji sarauta, ta ci ƙasashe da yaƙi, sannan ta auri Shiba.

Wannan aure shi ne ginshiƙin ibadar wurin. Kowane dare malaman haikalin kan ɗauki gunkin Shiba a kafaɗa, da kiɗa da turare, su kai shi ɗakin matarsa, da asuba kuma su mayar da shi. A bikin Citirai, cikin Afrilu zuwa Mayu, ana sake ɗaura auren gaban ɗimbin jama'a.

Ginin kuwa ya sha wuya, domin rundunar Malik Kafur, kwamandan yaƙin sarkin Delhi, ta wawushe birnin a 1311. Yawancin abin da ake gani yau, har da wasu daga cikin hasumiyoyi 14 masu cike da sassaƙa, sarakunan Nayak ne suka gina ko suka faɗaɗa a ƙarni na 16 da na 17.