Tambayoyinku kan waya: Dala ɗaya da rabi da ake cire wa direban Bronx, da sauran wasiƙun kiran gaggawa

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan kiran gaggawa suka taru, kamar masu su sun haɗa baki. Zan fara da wadda ta zo daga nesa, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a unguwar Bronx ta birnin New York, shekarata shida a nan. Layi huɗu nake biya wa kuɗi duk wata: nawa, na uwargida, da na yara biyu. Kwanan nan na zauna na karanta takardar da kamfanin waya ke turowa, sai na ga ana cire dala ɗaya da rabi a kan kowane layi. Da na tambaya aka ce kuɗin 911 ne, wato lambar kiran gaggawa ta Amurka. Ni ban taɓa kiran 911 ba, ba na kuma fatan kira. Ta yaya zan kashe wannan abu? Ga hoton takardar nan na haɗa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Shekara shida kana biya, sai bana ka karanta takardar! Da fasinja ne ya rage maka dala ɗaya, na tabbata kafin ya rufe ƙofa ka gane.

Ba za ka iya kashe shi ba, kuma kada ka ɓata lokacinka kana faɗa da yarinyar da ke amsa waya a kamfani. Haraji ne da doka ta ɗora, kamfanin karɓa kawai yake yi ya miƙa. Na duba hoton da ka turo. Can ƙasa, bayan kuɗin kira da data, akwai layuka biyu da ƙananan haruffa: ɗaya dala 1.20, wannan na jihar New York ne. Ɗayan senti 30, wannan na hukumar birnin ne. A layi huɗu dala shida ke nan a wata, dala 72 a shekara. Ka gode Allah ba a Chicago kake tuƙi ba, domin can tun 2018 dala biyar ake ɗora wa kowane layi duk wata, da kai da iyalinka dala ashirin ke nan. Maƙwabtanku na New Jersey senti 90 suke biya. Ko ka koma layin da ake sayen kati a zuba, ba ka tsira ba, a wurin saye ake karɓar nasu.

Abin da ya sa kuɗin ya bambanta daga gari zuwa gari shi ne, lambar ce kaɗai ta ƙasa baki ɗaya, aikin kuwa na ƙananan hukumomi ne. An yi kiran 911 na farko ranar 16 ga Fabrairu, 1968, a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama, shekara talatin da ɗoriya bayan Landan ta fara 999 a 1937. Sai a 1999 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta tabbatar da ita a matsayin lambar gaggawa ta ƙasa. Amma idan ka danna ta, ba birnin Washington kiran yake zuwa ba. Yana faɗawa ne a ɗaya daga cikin dubban cibiyoyin amsa kira da gundumomi da birane ke gudanarwa, kowace da kasafinta da ma'aikatanta. Gunduma ce za ta sayi kwamfutoci, ta biya layukan da ke haɗa cibiyar da kamfanonin waya, ta sabunta taswira duk lokacin da aka buɗe sabon titi, ta horar da mutumin da zai gaya wa mace yadda za ta danna ƙirjin mijinta kafin motar asibiti ta iso. Da farko a kan wayar tarho ta gida aka ɗora kuɗin. Da mutane suka yi ta watsar da tarho, kuɗin shiga ya ragu, sai aka bi su zuwa salula, daga nan zuwa wayar intanet da layin kati.

Ka ce ba ka taɓa kira ba. Allah ya sa ka gama zamanka lafiya ba ka kira ba. Amma kai da kake kwana a kan titi, kana ɗaukar wanda ba ka sani ba da ƙarfe biyun dare, kai ne na ƙarshe da ya kamata ya yi ƙorafin wannan dala da rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cibiyar da za ta ɗaga kiranka a daren da kake bukata dole ta kasance an biya mata wuta da albashi a duk dararen da ba ka bukace ta ba.

Yanzu ga inda nake so fushinka ya koma, domin ka bar jaki kana dukan taiki. Jimillar abin da ake tarawa da sunan 911 a faɗin Amurka ya haura dala biliyan uku a shekara, kuma ba duka ne ke isa cibiyoyin ba. Tun daga wata doka ta 2008, wajibi ne hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta riƙa kai wa majalisa rahoto duk shekara kan nawa kowace jiha ta tara da kuma abin da ta yi da shi. Shekara da shekaru sunayen New York da New Jersey suna fitowa a cikin jihohin da ke karkatar da kuɗin zuwa wasu hidimomi, haka ma Rhode Island a wani lokaci. A jiharka, kaso mai tsoka na wannan dala 1.20 yana zarcewa ne babban asusun gwamnati, inda zai gauraya da sauran haraji, a yi duk abin da aka ga dama da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ma'aikacin cibiya na can yana aikin sa'o'i masu tsawo saboda ƙarancin hannu, an karɓi kuɗi da sunansa an cike giɓin kasafi.

Wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai, kuma ba don yawan kuɗin ba. Idan gwamnati na son haraji, ta fito ta ce haraji ne, mutane su yi mahawara a kai. Amma a rubuta wa talaka cewa wannan kuɗin ceton rai ne, ya biya da zuciya ɗaya, sannan a juya shi, wannan cin amana ne ko a wace ƙasa aka yi shi. Ga kuma hasara ta biyu: jihar da aka samu tana karkatarwa ba ta cancanci tallafin tarayya na inganta 911 ba. A ƙarshen 2020 majalisa ta umarci FCC ta fayyace abin da ya halatta a kashe kuɗin a kai, FCC kuma ta fitar da ƙa'idojin a 2021. Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da cibiyoyin ke fama da sauya tsofaffin layukansu zuwa sabon tsari na intanet, wanda zai iya karɓar hoto da bidiyo da ainihin wurin da mai kira yake, aikin da ke cin kuɗi ba kaɗan ba. Idan kana da takardar zama ɗan ƙasa, ɗan majalisar jiha mai wakiltar unguwarku yana da ofis, kuma ƙungiyoyinku na direbobi sun san hanyarsa. Can za ka kai hoton takardar nan.

Tunda dai kana biya, ka ci moriyarsa. Yau ɗin nan ka shiga saitin wayoyin nan huɗu, wajen kira ta Wi-Fi, ka duba adireshin gaggawa da ke ciki. Idan kun taɓa sauya gida, ina kyautata zaton tsohon adireshi ne har yanzu, kuma idan yaro ya kira daga ɗakin da sabis ba ya shiga, wannan adireshin na iya zama abin da za a bi. Ka koya wa kowa a gidan cewa abu na farko da ake faɗa shi ne wuri: lambar gini, titi, bene na nawa, lambar ɗaki. Waya na iya nuna gini, amma gano bene a dogon gini har yanzu da sauran rina a kaba. Idan Turancin uwargida bai nuna ba, ta faɗi sunan harshenta, Hausa, ta riƙe layin a nemo tafinta. Abu na ƙarshe, kada ka ɗauka wannan kuɗi ya biya maka motar asibiti. Kira kyauta ne, amma takardar kuɗin motar daban take zuwa.

Tambaya: Malam, na ji an ce a ƙasashen waje ana biyan kuɗin lambar gaggawa. Mu ma a Najeriya ana cire mana a kati ne ba mu sani ba? Kuɗina yana yawan raguwa ba dalili. Daga wata malamar makaranta a Kano.

Amsa: Malama, ba 112, lambar gaggawa ta Najeriya, ke cin kuɗinki ba. Kiran kyauta ne ko babu ko kwabo a layin, kuma babu wani haraji na musamman da ake yankar wa kowane layi da sunansa. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ta gina cibiyoyin amsa kiran a jihohi, ita kuma kuɗinta daga lasisi da abin da kamfanonin waya ke biyanta duk shekara yake fitowa. Za ki iya cewa a fakaice daga aljihunmu ne, amma ba shi ne ke kwashe naira hamsin ɗinki da asuba ba. Wannan aikin wata waƙar kira ce ko saƙon hasashen ƙwallo da wani ya danna wa "eh" a wayarki, kuma ina zargin ɗan autanki. Danna *305# ki soke su, ki tura STOP zuwa 2442 don tallace-tallace su daina shigowa. Idan kamfanin ya ƙi gyarawa, kira 622, layin kai ƙorafi na NCC.

Game da 112 kuwa, ki sani cibiyar tana karɓar kira ne ta miƙa wa 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra ko motar asibiti. Saurin zuwansu ya dogara da abin da jiha ta tanada. Na taɓa tsayawa a bakin wani shago da wuta ta kama da magariba. Na ƙirga wayoyi sun fi goma a sama ana ɗaukar bidiyo, wani dattijo riƙe da bokiti yana ta tambaya wa ke da lambar kwana-kwana, babu wanda ya amsa. Tun ranar na ajiye lambar ofishin kashe gobara mafi kusa, da ta ofishin 'yan sandan unguwa, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, kowace na sa mata harafin A a farko don ta hau saman jerin sunaye. Ki yi haka, ki kuma sa ɗalibanki su yi wa iyayensu.

Tambaya: Na ba ɗana ɗan shekara uku tsohuwar wayata da babu sim yana wasa, sai ga 'yan sanda a ƙofa. Yaya aka yi? Daga wata uwa a Chicago.

Amsa: Hajiya, a Amurka doka ta tilasta wa kamfanoni su wuce da kiran 911 ko wayar ba ta da layi. Muddin akwai caji, waya ce. Saya masa motar roba.

Tambaya: Ni data kawai nake sa wa, duk kirana ta WhatsApp ne. Zan iya kiran lambar gaggawa ta nan? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: A'a. WhatsApp ba ya kiran lambobin gaggawa, kamfanin da kansa ya faɗa. Fita daga manhajar ka buɗe wajen buga lamba na ainihi, wanda na san ka manta inda yake. A Nijar 17 'yan sanda, 18 'yan kwana-kwana.

Tambaya: Wayata Android ce, sau biyu tana kiran lambar gaggawa da kanta a cikin aljihu. Aljanu ne ko ta lalace? Daga wani tela a Kumasi.

Amsa: Wandonka ne ya matse, maigida, kai da kake ɗinka wa mutane daidai jikinsu. Daga Android 12 zuwa sama, danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere yana tayar da kiran gaggawa. Shiga saiti, sashen tsaro da gaggawa, ka kunna ƙarar gargaɗi don ka ji kafin kiran ya tafi. Ban yarda ka kashe shi gaba ɗaya ba. Idan kuma ya riga ya shiga, kada ka katse. Tsaya ka ce kuskure ne, in ba haka ba za a ɓata lokaci ana nemanka alhali wani na jiran layi.

Tambaya: A otal ɗin da nake aiki a Texas an sauya duk wayoyin ɗakuna, an ce saboda 911 ne. Mene ne haɗin? Daga wani ɗan'uwa a Houston.

Amsa: A jiharku abin ya samo asali. A 2013, a wani masauki a garin Marshall, an kashe wata mata mai suna Kari Hunt, 'yarta mai shekara tara ta yi ta danna 911 a wayar ɗakin bai shiga ba, saboda sai an fara danna 9 kafin a samu layin waje. An sa hannu kan dokar tarayya mai ɗauke da sunanta a 2018, ta fara aiki a Fabrairun 2020: sababbin wayoyin otal da ofis dole su kai 911 kai tsaye, su kuma sanar da teburin karɓar baƙi cewa an kira. Ka tambayi manajanku a wace na'ura sanarwar ke fitowa, kuma wa ke kallonta da dare.