Amsoshin Tambayoyin Manoma: Horar da Kare a Gona da Cikin Garke

Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan kare suke, daga masu kiwon kaji da masu garken awaki. Na taƙaita su, ga amsoshin.

Malam, karena ɗan wata tara ya kashe mini kaji uku. Duk lokacin da na dawo na tarar da ɓarnar sai in zane shi. Da ya hango ni sai ya sunkuyar da kai, ka ga ya san laifinsa, amma bai daina ba. An ce in rataya masa mushen kazar a wuya. In yi?

Kada ka yi, Malam. Wari kawai za ka jawo wa gidanka, da ƙudaje, wataƙila har da cuta. Dukan ma ka ajiye shi, domin ba ya isar da saƙon da kake nufi.

Kare yana haɗa abin da ya aikata ne da abin da ya biyo baya nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kazar da ya kashe da hantsi, kai kuma ka zane shi da la'asar, a kansa babu abin da ya haɗa su. Abin da ya koya shi ne: in maigida ya shigo fuska a murtuke, akwai wahala. Sunkuyar da kan nan da kake gani roƙon afuwa ne daga fushinka. A 2009 wata mai bincike a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan. An hana karnuka cin wani abu, masu su suka fita, da suka dawo aka faɗa wa wasu daga cikin masu karnukan ba daidai ba game da abin da karen ya yi. Karnukan da aka yi wa faɗa sun sunkuyar da kai ko sun ci ko ba su ci ba.

Matsalarka ta biyu ita ce bin kaza da gudu shi kansa daɗi ne ga kare. Ɗabi'ar farauta ce da ke tafiya daki-daki: ya hango, ya kafe ido, ya laɓaɓa, ya bi, ya cafke. Duk ranar da ya samu ya kai ƙarshe, ɗabi'ar ta ƙara kafuwa. Saboda haka aikin farko na shinge ne. Gyara akurkin, kada kare da kaji su sake haɗuwa ba ka wurin.

Sannan horo. Sa masa doguwar igiya, ka tsaya da shi nesa da kajin, inda yana ganinsu amma hankalinsa bai tashi ba. Da ya kafe su da ido, kira sunansa. Ya juyo gare ka, miƙa masa ɗan abin da yake so a take, ka yabe shi. In ya ƙi juyowa, kun matsa kusa da yawa, ku ja baya. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, kana rage tazarar a hankali cikin makonni. A lokacin kafe ido ake katse shi. In ya riga ya zabura, ba ya jin kira. Gaskiya kuma, karen da ya riga ya saba kisa, akwai wanda har abada ba za a bar shi da kaji ba tare da ido ba. In naka irinsu ne, shingen ne maganinka.

Malam, ina son kwikwiyon da zai tashi ya riƙa gadin awakina daga dila da ɓarayi. Yaushe zan karɓo shi, kuma yaya zan fara?

Wannan tambayar ta zo a kan kari, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyo ana haihuwarsa ido rufe, kunne toshe, sai wajen kwana 10 zuwa 14 idon ke buɗewa. Daga mako na 3 zuwa wajen na 12 ko 14 ne yake tantance su wane ne nasa a duniya. Abin da ya saba da shi a wannan ɗan tsakanin, mutum ne ko akuya ko ƙarar injin, da wuya ya tsorata shi daga baya.

Bar shi wurin uwarsa har mako 8. A can, cikin kokawa da 'yan'uwansa, yake koyon sassauta cizo: ya ciji ɗaya da ƙarfi, wancan ya yi ƙara, wasa ya tsaya. Wanda aka raba da uwa da wuri yakan tashi da zafin baki da yawan tsoro.

Da ka kawo shi, garke ne gidansa. Ka killace masa wuri tare da awaki biyu ko uku masu sanyin hali, da wani ɗan lungu da zai shige in suka kai masa karo. Kada ka fara shi da uwar da ta haihu kwanan nan, za ta ji masa ciwo ya tsani awaki. Can zai ci, can zai kwana. Kuskuren da aka fi yi shi ne yara su ɗauke shi su kai cikin gida saboda tausayi. In ya girma sai ya bar dabbobi ya zo ya kwanta a ƙofar ɗaki. Duk da haka ka riƙa taɓa shi kullum, ka duba kunne, baki da tafin ƙafa, ka koya masa zuwa in an kira shi, don ranar da likitan dabbobi zai zo kada a yi dambe.

Daga wajen wata shida zai shiga ƙuruciyar rashin ji, ya fara bin 'yan awaki da wasa yana jan kunnensu. Ka tsawatar a daidai lokacin, ka raba su, ka mayar da shi cikin manya. Kada ka sa ran cikakken gadi kafin ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Iri ma yana da tasiri. Kangal na Turkiyya da Maremma na Italiya an daɗe ana zaɓensu don zama da garke, shi ya sa son bin abu da gudu ya yi rauni a jikinsu. A Namibiya, ƙungiyar Cheetah Conservation Fund ta fara raba wa makiyaya 'yan kwikwiyon irin na Turkiyya tun 1994, suna tashi cikin awaki suna korar namun daji da haushi. Wanda ba zai samu irin waɗannan ba, ya nemi ɗan karyar da ita kanta take zaune lafiya da dabbobi, ya zaɓi kwikwiyo mai natsuwa, ya bar wanda ya fi kowa zabura.

Malam, kwikwiyona ɗan wata huɗu ya cinye mini tiyon ban ruwa da takalma, yana kuma cizon hannu.

Haƙori yake sakewa, Malama. Na nono guda 28 suna zubewa, na girma guda 42 suna fitowa, dasashinsa na ƙaiƙayi har wajen wata shida ko bakwai. Kwashe kayanki, ki ba shi abin taunawa nasa, kamar igiya mai kauri da aka ƙulla. Ya kama hannu, ki janye ki daina wasan na ɗan lokaci. Zai wuce.

Malam, na ɗaure karena da sarƙa tun yana ƙarami don ya yi zafi. Yanzu yana yi wa yarana gurnani in sun matso kusa da kwanonsa. In na doke shi yakan yi shiru. Hakan ya wadatar?

Wannan shirun shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Gurnani gargaɗi ne. In ka hana shi da duka, fargabar da ke cikinsa tana nan, gargaɗin kawai ka cire, wata rana sai cizo ba sallama. Karen da ya tashi a sarƙa bai san mutane ba, ba shi kuma da hanyar gudu, don haka duk wanda ya matso barazana ne, ɓarawo da ɗanka ɗaya suke a wurinsa.

Daga yau yara su daina zuwa inda yake cin abinci ko barci, kuma kada a bar ƙaramin yaro da shi su kaɗai. Kai kuma, yana cikin ci, ka wuce daga nesa ka jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, ka yi gaba. Kullum haka, kana matsowa kaɗan-kaɗan, har ya fahimci zuwan mutum ƙari ne. Maye sarƙar da fili mai shinge, ka riƙa fita da shi da igiya yana shinshina duniya. In ya taɓa cizon wani har ya fasa fata, nemi likitan dabbobi ya gan shi kafin komai.

Koya wa yaran karanta jikinsa. Kaɗa wutsiya ba kullum ne murna ba. In ta miƙe sama tana kaɗawa a sandare, jiki ya ƙage, a ja baya. Hamma ba barci, lasar baki ba abinci, kau da kai yana nuna farin ido, duk alamun ya takura ne.

Sai a bambanta wannan da canjin hali na farat ɗaya. Kare mai fara'a ya koma cizon duk abin da ya gani, ko yawu na dalala, ko muryarsa ta sauya, ko ya kasa haɗiya, wannan ya wuce batun horo, ana zargin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar karnuka. A killace shi ba tare da an taɓa shi ba, a kira likitan dabbobi. Wanda karen ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, kada ya jira ganin alama. Kwikwiyo kuwa ana yi masa rigakafin farko yana ɗan wata uku, a riƙa maimaitawa bisa jadawalin da likita ya rubuta.