Katun ɗin da kake nema sunansa Rock & Rule

Ɗan'uwa, ka ce kana tuna wani katun da ka gani kana yaro, mai kiɗan jita da wani dogon mawaƙi mai manyan leɓɓa wanda ya sace wata budurwa saboda muryarta, kana so ka san sunansa, kuma ko ya dace ka kunna wa yaranka. To ba mafarki ka yi ba. Rock & Rule ne, ya fito a 1983. Kamfanin Nelvana na birnin Toronto a ƙasar Kanada ne ya shirya shi, Clive A. Smith ya ba da umarni.

Ni ma ina firamare na ci karo da shi. Yayana ne ya karɓo kaset ɗin haya, an rubuta "katun" da biro a jikin takardar, shi ke nan. A wajen mai shago duk abin da aka zana da hannu na yara ne, don haka ya jera shi cikin sauran. Muka zauna a kan tabarma muna jiran kyanwa ta fara bin ɓera. Sai ga wani gari mai duhu da hayaƙi, wai an yi yaƙin duniya na uku mutane sun ƙare, karnuka da kyanwoyi da ɓeraye sun rikiɗe suna tafiya da ƙafa biyu, suna sa tufafi, suna kafa ƙungiyar kiɗa. Ƙanwata ta tashi ta koma ɗaki. Ni kuwa ko motsi na kasa.

Dogon da kake tunawa Mok ne, tsohon tauraron waƙa da hasken sunansa ya fara dusashewa. Yana neman wata murya ta musamman da za ta buɗe wa wani dodo ƙofa daga wata duniya. Akwai zobe a yatsansa, da ya ji budurwar, wato Angel, tana waƙa a wani ɗan kulob a garin Ohmtown sai zoben ya kama walƙiya. Wannan wurin har yau ina ganinsa a idona: kulob kusan babu kowa, ita tana waƙarta a natse, shi yana zaune a duhu yana kallon yatsansa. Daga nan ya ɗauke ta zuwa Nuke York, wato kangon birnin New York, abokan kiɗanta Omar da Dizzy da Stretch suka bi sawu.

Abin da ya sa ya zauna maka a rai duk tsawon shekarun nan, a ganina, waƙoƙin ne. Ba ƙananan mawaƙa aka ɗauko ba. Lou Reed ne ya rera na Mok, Iggy Pop ma ya rera guda ɗaya, Debbie Harry ta ƙungiyar Blondie ta rera na Angel, Robin Zander na Cheap Trick ya rera na Omar, har Earth, Wind & Fire suna da tasu a wurin rawar kulob. Yaron da bai san ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba, kunnensa na gaya masa cewa wannan ba kiɗan wasa ba ne. Ga kuma zanen. Fuskar Mok kaɗai aiki ce: leɓe ya murɗe, gira ta ɗaga, yatsu dogaye suna ta lanƙwasa yayin da yake magana cikin taushin murya. Da hannu aka zana su duka, ɗaya bayan ɗaya. Sai da na girma na gane cewa wannan taushin muryar ne ya fi ba ni tsoro, fiye da dodon kansa.

Dalilin da ya sa duk wanda ka tambaya bai san shi ba kuwa, fim ɗin ya faɗi a kasuwa. An kashe masa kimanin dala miliyan 8, amma masu kamfanin finafinai na MGM/UA da suka karɓi rarraba shi a Amurka ba su tallata shi yadda ya kamata ba, suka ma sauya muryar Omar da ta wani ɗan wasa daban. Nelvana ta kusa durƙushewa, sai katun ɗinta na Care Bears na 1985 ya tsamo ta. Rock & Rule ya rayu ne ta talabijin da kaset, hannu zuwa hannu, irin yadda ya zo mana. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba a fitar da faifan waƙoƙinsa a lokacin ba, ga shi manyan mawaƙa ne suka zuba basirarsu a ciki.

Batun yara kuma, gaskiya ban ba ka shawara ba idan ƙanana ne. Ba don su aka yi shi ba. Akwai maganar ƙwaya a wurin kulob, akwai shigar da ba ta rufe jiki ba, ga tsafi da kiran dodo a ƙarshe, inda aka ɗaure Angel a kan dandamali aka tilasta mata waƙa. Na yi kwanaki ban yarda na fita tsakar gida da dare ni kaɗai ba bayan na gan shi. Nawa yaran ban nuna musu ba tukuna. Idan naka sun kai samartaka, ka fara kallonsa kai kaɗai, sannan ka yanke hukunci, don kai ka san tarbiyyar gidanka. In ka amince, ka zauna tare da su. Akwai abin tattaunawa sosai a kan Mok, mutumin da ya gwammace ya halaka masu sauraronsa da a ce an manta da shi.

Idan za ka nema, ka nemi wanda aka nuna a Kanada, mai muryar Omar ta asali. Ta fi kaushi, ta fi dacewa da saurayi mai girman kai da kishi. Kamfanin Unearthed Films ya fitar da fim ɗin a DVD a 2005, kuma fitowar mai faifai biyu na ɗauke da na Kanadan da na Amurkan duka.