Ku Tambaya Mu Amsa: Ina son in je bakin teku in tuƙa kwale-kwale

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya ya iyali ya sanyi. Ni manomi ne daga wani ƙauye a yankin Auyo, bana Alhamdulillahi riɗi ya yi kuɗi kuma mun gama casar shinkafa, shi ne ni da abokaina biyu muke son mu je Legas hutu mu ga teku. Ina yawan ganin bidiyo a Facebook na Turawa suna tafiya a ƙasa a gefen teku, suna tuƙa wani siririn kwale-kwale mai cin mutum ɗaya suna kallon namun daji, abin yana burge ni wallahi. Ni dai na iya ruwa tun ina yaro a kogin Hadeja na tashi. Dan Allah ana samun irin wannan a Najeriya? Kuma ta ina za mu fara?
Daga mai karanta ku kullum, Auyo, Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a abin da aka noma. Ana samu mana, bakin tekun Najeriya ya kai kilomita 853 daga iyakar Benin har iyakar Kamaru, sai dai kafin in gaya maka inda za ku je bari in tsaya a kan maganar nan taka ta "na iya ruwa", don ita ce ta fi damuna.

Kogi gefe ɗaya yake tafiya, ka san inda ya nufa, in ya ɗauke ka sai ka bi shi a karkace har ka kama gaɓa ko ka damƙi kachala. Teku ba haka yake ba. Igiya ta zo ta doki gaɓa, ruwan nan da ta kawo dole ya koma, to wani lokaci sai ya tattaru ya yi wata 'yar siririyar hanya yana komawa ciki da gudu, kuma abin haushin wurin ne ya fi kama da inda ruwa ya kwanta, babu farin kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu ko ya gurɓace da yashi, sai baƙo ya ce yauwa ga wuri mai sauƙi nan zan shiga. Gwanin iyo ma ya fi shiga hatsari, don shi zai ce sai ya yi kokawa da ruwan ya dawo ta inda ya shiga, har ƙarfinsa ya ƙare. In ya ja ka kar ka yi gardama da shi, ka yi iyo ta gefe kana bin tsawon gaɓar har ka fita daga hanyar, sannan ka juyo. Ni dai da za ku ji tawa, kar ruwan ya wuce muku gwiwa.

Wancan kwale-kwalen kayak ake ce masa, yawanci na roba ne, filafilinsa baki biyu gare shi, ka tsoma dama ka tsoma hagu, kuma a zaune kake daf da ruwa ƙafafu a miƙe, ba a tsaye da gora irin na 'yan fitonmu ba. Yana saurin kifewa in ka juya jiki da garaje. A Legas akwai masu ba da haya a lagun, wato ruwan nan mai kwanciya da ke tsakanin gari da teku, a nan za ku yi ba a cikin teku ba. Duk wanda bai ba ku rigar kariya ta ruwa ba ku bar masa jirginsa ku yi gaba, ko da a banza ya ce ku hau. Ba mu manta da jirgin da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021 ba, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya, Allah ya jiƙansu, kuma wannan fa ruwan dam ne.

Namun daji kuwa kar ka sa ran zaki ko giwa a bakin ruwa, giwa sai irin su Yankari. Ku je gandun Lekki da aka buɗe a 1990, hekta 78 ne na kurmi da fadama a tsakiyar gari, ana tafiya a kan hanyar katako, ga birai ko'ina kuma ba sa jin kunyar kowa, in ka riƙe ayaba ko biskit a hannu to ka yi sallama da shi. Akwai gadar igiya a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401, tana lilo in ana tafiya, mai jin jiri ya tsaya a ƙasa ya riƙe wa sauran jakunkuna ba abin kunya ba ne. Tafiyar ƙasa a gefen teku kuma Badagry ta fi, ana tsallakawa tsibirin Gberefu a jirgin ruwa sai a taka har bakin teku, hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Tafiya a yashi tana cin ƙafa, ku riƙe ruwan sha, ku fita da sassafe kuma a ranar aiki, don ranakun hutu cunkoso da kiɗa da irin shigar da za ku gani ba lallai su yi muku daɗi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin, damina a can ba irin tamu ba ce. Masauki kuma ku nemi ɗan garinku a Agege ko Idi-Araba tun kafin ku hau mota, tafiyar ta haura kilomita 1,000.

Amma fa ɗana kana Auyo, fadamar Baturiya tana nan Kiri Kasamma kusa da kai, ka taɓa zuwa kuwa? Tun 2008 aka sa ta cikin fadamun da duniya ta amince da muhimmancinsu, kuma a irin wannan lokaci na hunturu tsuntsaye ke tasowa daga Turai su tsallako Sahara su sauka a fadamar Hadeja da Nguru, ga namu na gida dinya da ƙirinjijiya da zalɓe. Ku je ku gaida sarkin ruwa ya haɗa ku da masunci, ku shiga bayan sallar asuba kafin iska ta taso, a nan za ka gane wanne cikin abokan naka ne zai iya zama a jirgi shiru ba tare da ya miƙe yana ɗaukar hoto ba. Wanda ya kasa, a Legas shi ne mai riƙe jakunkuna.