Amsa ga Malam mai son sayen Qashqai mai shan gas

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an nuna maka Nissan Qashqai ƙirar 2012, 'yar Kwatano, mai injin dizal 1.5 dCi, kana son ta don kai yara makaranta da zuwa aiki Samaru a Zariya da ziyarar gida Funtuwa jefi-jefi, kana tambayar ƙarkonta da matsalolinta. Da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin irinta sak na riƙe, kuma da irin niyyarka na saye ta.

Injin kansa ba na banza ba ne. Na kamfanin Renault ne, ana kiransa K9K, shi ne a cikin Duster da Megane har da wasu ƙananan Marsandi, kuma wajen tattalin mai ban taɓa riƙe kamarsa ba. Sai dai an yi shi ne don doguwar tafiya da gas mai tsabta. A Turai tun 2009 doka ta rage sinadarin salfa a man dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan, mu kuwa ka san abin da ake zuba mana, balle a ce dare ya yi maka ka tsaya wajen 'yan bumburutu. A cikin salansarta akwai wata matatar hayaƙi da ake kira DPF, wadda take tara baƙin hayaƙi, ba ta kuma ƙone shi sai ta yi zafin kusan digiri 600, abin da ba ya samuwa sai a babban titi ana tafiya ba tsayawa. Wanda tafiyarsa daga Tudun Wada zuwa PZ ce, ya tsaya a cunkoson Kwangila, ya ƙarasa Samaru ya kashe mota, kullum ƙara toshe ta yake yi. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani sashe na hayaƙi cikin injin, shi ma haka yake cika da dauɗa. In kuma motar ta fara ƙona dauɗar aka kashe ta kafin ta gama, gas yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, daga nan sai ka ji injin ya buga.

Wanda ya sayar mini da tawa ba baƙo ba ne, masallaci ɗaya muke salla, kuma ya rantse mini cewa wata tsohuwa ce ta riƙe ta a Beljiyam, ba ta zuwa ko'ina sai kasuwa. Ranar da asiri ya tonu muna dawowa daga biki a Kaduna, da maiɗakina da mahaifiyarta da yara, magariba ta kawo jiki. Mun wuce Jaji kaɗan sai motar ta saki, ina taka totur har ƙasa amma kamar ana jan ta da baya, hayaƙi ya turnuƙe, manyan motoci suna danna mana ham suna wucewa. Na gangara gefen titi a wurin da babu gida babu fitila, a lokacin da kowa ya san halin da hanyar take ciki. Hajiya ta kama salati, ƙaramar yarinyata tana kukan ƙishirwa, wayata saura kaɗan ta mutu, na kira dillalin har na gaji bai ɗauka ba. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini kamar na wannan dare ba, domin surukata ce zaune a baya tana cewa, "Ba komai ɗan nan, Allah ya tsare gaba," ni kuwa na san tsoro ne ya cika ta. Wani direban bas, Allah ya saka masa da alheri, shi ya kwashe iyalin, ni na jira janwe.

Da aka buɗe dashbod sai ga baƙin salatif an manna a kan fitilar gargaɗin injin daga ciki, da aka sa kwamfuta kuma aka ga an mayar da lissafin kilomita baya. Na je na same shi, ya ce shi ma haka aka kawo masa. Dattawan unguwa suka shiga suka ce a yi haƙuri, na yi, amma har yau in mun haɗa sahu sai na ji zuciyata ta yi nauyi. Abin da ya fi yi mini ciwo, ya san da iyali zan riƙa hawa hanya.

Don haka kafin ka biya ko sisi, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbatar duk fitilun gargaɗi sun kama, sannan in ka tayar su mutu. Wadda ba ta kama ba, an yi mata wani abu. Ka je da sassafe ka tayar da ita da kanka tana sanyi, ka saurari nozul-nozul masu fesa gas cikin injin, ka duba kalar hayaƙi. Ka zo da naka mai kwamfutar, kada ka yarda da na dillali. Ka kuma leƙa ƙarƙashin dashbod, domin a Sunderland ta Ingila ake ƙera Qashqai, kuma akwai masu sitiyari a dama da ake juyawa, waɗannan kuwa wayoyinsu ba sa ƙarewa da rigima.

Maganar bakanike ma babba ce. Mafi yawan masu gyaran gas da muke da su da tirela da janareto suka saba, wannan kuwa nozul ɗinta kwamfuta ce ke sarrafa shi, in an sa sabo sai an shigar da lambarsa. Wani ya kwance mini su ya wanke da fetur, ya mayar, ya ƙara mini asara a kan asara. Kayan gyaranta ba kasafai ake samu a Sabon Gari ba, sai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokaci sai an aiko daga Ladipo a Legas, mota tana ajiye, kai kana biyan mai Keke Napep kuɗin kai yara.

In ka riga ka ƙwallafa rai, ranar da ka saya ka canza taimin bel tare da famfon ruwa ko da an ce sabo ne, domin in ya tsinke bawul da fistin karo suke yi. Baƙin mai 5W-30 mai alamar C4 take so, kuma kada ka bi tazarar juye ta Turawa, ka riƙa yi da wuri saboda ƙurarmu, musamman lokacin hunturu, tare da matatar iska da ta gas. Ka riƙe gidan mai ɗaya da ka amince da shi. In ka ji kakkarwa a kulochi, ka sani filawil ɗinta mai hawa biyu ne, kuɗinsa kuwa ba wasa ba ne, shokozoban baya ma ba sa jure ramuka. Za a ba ka shawarar a cire DPF ɗin gaba ɗaya. In ba a gyara lissafin kwamfutar ba, motar za ta ci gaba da sakin ƙarfi, hayaƙin kuma yaranka ne za su shaƙa a cikin gida.

Da a ce kullum kana zuwa Kano ko Kaduna, da na ce ka gwada. Amma ga irin zirga-zirgar da ka faɗa, Malam, ka nemi Qashqai mai fetur, 1.6 ko 2.0, mai giyar hannu, domin mai canza giya da kanta tana da nata ciwon kan. In kana so, na raka ka wajen motar ranar Asabar da safe, amma ka gaya wa dillalin kada ya tayar da ita kafin mu iso.