Amsa ga mai tambaya kan kwanon ɗumama kumfar aski

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka inda kake cewa ka sayi kwanon ɗumama kumfa, wanda ake kira sikatil, amma kumfar da kake haɗawa a cikinsa takan tsinke ko ta bushe kafin ka kai ga shafi na biyu, wato sake shafa kumfa a fuska karo na biyu, har kana tunanin ko ka riƙa zuba masa tafasasshen ruwa, ko kuwa sabulun ne ba shi da kyau. Na daɗe ina aski da burushi da sabulu, kuma da irin wannan kwano nake aiki duk lokacin sanyi, saboda haka zan gaya maka abin da na gani. A ganina sabulunka ba shi da laifi, kuma tafasasshen ruwa ƙara ɓata lamarin zai yi, domin zafin ne ya yi wa kumfar yawa tun farko.

Da fari ka duba wane iri ne a hannunka, domin iri biyu ne suke amsa suna ɗaya. Akwai na dā, wanda ya yaɗu a Ingila a ƙarni na 19, lokacin da gidaje ba su da famfon ruwan zafi. Shi a samansa akwai gurbin ajiye sabulu mai ƙananan huji, a gefensa kuma akwai baki mai faɗi inda ake tsoma burushi cikin ruwan zafi. Aikinsa riƙe ruwa ne, ba a kaɗa kumfa a cikinsa. Na zamani kuwa kwano biyu ne na tangaran a manne, ƙarami a cikin babba, da fili a tsakaninsu wanda ake cikawa da ruwa ta wata 'yar ƙofa a gefe, kuma ƙasan na cikin yakan zo da layuka masu ɗan tudu don burushi ya sami abin gogawa. Daga bayaninka na fahimci wannan ne naka.

Kumfa iska ce da aka kulle cikin siraran fatu na ruwan sabulu, kuma ƙarfinta duka yana ga ruwan nan. Idan bangon kwanon ya yi zafi sosai, sai ruwan ya riƙa tashi da sauri ya zama tururi, fatun su ƙara sirancewa, ƙananan ƙwayoyin kumfar su haɗe su zama manya, sannan su fashe. Shi ya sa kake ganin ta ƙasa, wadda ke jikin kwano, ta koma ruwa tsululu, ta sama kuma ta bushe ta yi sakayau. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne fuska ba ta bukatar zafi mai yawa kafin ta ji ɗumi. Zafin fatar mutum yana wajen digiri 33 ne a ma'aunin Salsiyas, don haka kumfar da ta kai digiri 40 ta isa ta yi daɗi a fuska. Ruwan da ke tsakanin digiri 50 da 60, wato irin wanda famfon ruwan zafi yake bayarwa, ya wadatar a cikin filin kwanon, kuma ni na fi son ya tsaya kusa da 50. Idan a buta kake dafa ruwa, ka sirka shi har ya zama za ka iya tsoma yatsa ka ɗan jure. Tafasasshen ruwa, bayan kashe kumfa, yana iya tsaga tangaran mai sanyi idan aka kwara masa gaba ɗaya, yana kuma raunana gam ɗin da ke riƙe gashin burushi a jikin mariƙinsa.

To, idan ruwan ba mai tsananin zafi ba ne, yaya ɗumin zai kai har ƙarshen aski? A nan ne dabarar take, kuma a kanta nake so ka fi mayar da hankali. Tangaran mai kauri ne, kuma idan yana da sanyi, ruwan farko da ka zuba shi yake shanye wa zafi, ba a daɗe ba sai ka ji ruwan ya huce. Wannan ne yake sa mutum ya zaci ruwan ne bai yi zafi ba, gobe sai ya ƙara wuta. Abin da ya kamata shi ne ka cika filin da kuma kwanon ciki da ruwan ɗumi, ka bar shi kamar minti 5 kana wanke fuska ko kana wanka, sannan ka zubar da duka, ka sake cika filin kaɗai da sabon ruwa. A wannan karon jikin kwanon ya riga ya ƙoshi da zafi, ba zai ƙwace na ruwan ba, kuma da yake ruwa yana riƙe zafi fiye da tangaran ninki huɗu ko fiye idan nauyinsu ɗaya ne, cika na biyun nan yakan raka mutum har shafi na uku. Idan naka ya zo da abin toshe ƙofar, ka toshe ta.

Sai batun haɗa kumfar kanta. Wadda za ta zauna a kwano mai ɗumi tana son ruwa fiye da wadda ake haɗawa a kwano mai sanyi, don haka ka ɗebo sabulu da ɗan yawa a burushi, ka riƙa ƙara ruwa ɗigo-ɗigo kana kaɗawa har ta yi sheƙi da santsi, ba ta tsaya ƙiƙam kamar auduga ba. Kafin kowane sabon shafi ka ɗiga mata ruwa kaɗan ka sake juya ta, nan take za ta dawo. Ni idan na gama kaɗawa nakan tattara yawancin kumfar a cikin burushin in jingina shi a kwanon, maimakon in bar ta a shimfiɗe a jikin bango, domin a tattare ta fi riƙe damshinta. Burushin gashin dabba ya fi na zaren roba riƙe ruwa da ɗumi, amma yana son a jiƙa shi tukuna a ruwa mai ɗumi kaɗan, kuma gashin kaɗai za a tsoma, ban da mariƙin. Na roba ba ya bukatar jiƙo, sai dai yana saurin hucewa, don haka shi ne ma ya fi cin moriyar kwanon.

Akwai wata magana da ya kamata in faɗa tsakani da Allah, ko da yake ina son wannan kwano ƙwarai. Ba ya sa aski ya fi fita tas. Abin da ke tausasa gashin gemu shi ne ruwan da ya sha na minti 2 zuwa 3 kafin reza ta taɓa shi, sai kuma kaifin rezar da sauƙin hannun mai aski. Abin da kwanon yake bayarwa jin daɗi ne, kuma ban raina wannan ba, domin wanda kumfa mai sanyi ta taɓa wa fuska da asubar sanyi yakan yi gaggawar gamawa, gaggawa kuwa ita ke kawo yanka da ƙuraje. Amma idan fatarka mai saurin yin ja ce, ka rage ɗumin sosai, domin zafi yana ƙara mata raɗaɗi. Haka kuma sabulun da aka sa wa sinadarin na'a-na'a don ya sanyaya fuska ba ya dacewa da wannan kwano.

Sauran 'yan'uwa da ba su saya ba tukuna suna iya gwadawa ta hanyar ɗora ƙaramin kwano a cikin babba mai ruwan ɗumi, sai dai na ƙarfe yana saurin ɗaukar zafi, don haka ruwan ya zama mai sauƙin zafi. Kai kuma da kake da shi, ka riƙa ajiye shi a kan tawul, domin yana da nauyi idan ya cika, ga hannu da santsin sabulu. Bayan aski ka zubar da ruwan filin gaba ɗaya, ka kife shi ya tsane, tunda hannu ba ya shiga wurin balle a goge. Idan ruwanku mai barin farin gishiri ne a jikin kaya, lokaci-lokaci ka zuba ruwan khal da aka sirka a cikin filin, ka bar shi ya jima, sannan ka ɗauraye sosai.